Yadda Ake Gano Matsalar Jitar Lantarki da Fedojinta a Gyara Su a Gida

Mafi yawan jitar lantarki da ake ɗauka a kai wa mai gyara da sunan ta lalace lafiyarta ƙalau take. Abin da ya samu matsala sau da yawa bai wuce kebul ɗin da ke haɗa ta da amfilifaya ba, ko soket ɗin da notinsa ya saki, ko adaftar da ba ta dace da feda ba (wato ɗan akwatin canza sautin jita da ake takawa da ƙafa), ko kuma ƙurar hunturu da ta shige cikin bolum. Saboda haka abin da ya fi kamata mai irin wannan kayan kiɗa ya fara koya, ko makaɗin biki ne a Agadas, ko ɗan ƙungiyar mawaƙan coci a Jos ko Kaduna, ko mai ɗakin ɗaukar waƙa a Kano, shi ne bin hanyar da sauti yake bi tun daga tsirkiya har zuwa lasifika, yana gwada kowane mahaɗi shi kaɗai, kafin ya ɗauki sukudireba ya kwance wani abu.

Jitar lantarki ba ta dogara da ƙoƙo mai amo kamar garaya ko gurmi. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai, kuma idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a kansa sai ta haifar da 'yar wutar lantarki mara ƙarfi, wadda galibi ba ta kai bolt 1 ba. Wannan 'yar wuta ita ce take bi ta bolum, ta fita ta soket, ta ratsa kebul da fedoji, sannan amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi har ta motsa lasifika. Da yake ba ta da ƙarfi, duk wata hayaniyar lantarki da ta shige ta a hanya tare za a ƙara musu ƙarfi, kuma daga nan yawancin ƙugi da ƙaras-ƙaras suke samo asali.

Akwai ƙugin da ba ciwo ba ne, kuma ya kamata a san shi tun da wuri don kada a ɓata kuɗi a kansa. Fikof mai naɗi ɗaya, irin wanda ke jikin jitar Stratocaster da kamfanin Fender ya fitar a 1954, da halinsa yake janyo ƙugin wutar gida, wadda a Najeriya da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Don maganin wannan ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera fikof mai naɗi biyu masu saɓa wa juna, wanda ya fara fitowa a jikin jitar Les Paul a 1957. Mai jita irin ta farko zai ga ƙugin yana raguwa idan ya juya jikinsa zuwa wata fuska, ko ya nisanci amfilifaya da cajar waya da doguwar fitilar lantarki, kuma a yawancin Stratocaster na zamani ƙugin kan ɗauke idan aka sa makunnin zaɓen fikof a matsayi na 2 ko na 4, inda fikof biyu suke aiki tare.

Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa, kuma duk ana samunsu inda masu gyaran rediyo da wayar hannu suke sayayya. Ana buƙatar mitar gwaji mai auna bolt da om (ma'aunin turjiyar da waya take yi wa wuta), ƙarfen narka dalma mai ƙarfin wat 30 zuwa 40, dalmar haɗa wayoyin lantarki, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, 'yar filaya mai yanka, makullan alan masu kusurwa shida, ruwan feshi na wanke mahaɗan lantarki, da kebul ɗaya wanda aka tabbatar da lafiyarsa aka ajiye shi don gwaji kawai. A ganina wannan kebul ɗin ya fi duk sauran amfani, domin shi ne yake raba gardama cikin minti ɗaya.

Idan sauti ya ɗauke ko ya ɓaci, a cire fedoji gaba ɗaya a haɗa jita kai tsaye da amfilifaya da kebul ɗin gwaji. In sauti ya dawo, to jita da amfilifaya ba su da laifi, sai a riƙa mayar da fedoji da gajerun kebul ɗinsu ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wanda ya kawo matsalar. In kuwa bai dawo ba, a zare kebul daga jita, a rage ƙarar amfilifaya, a taɓa kan filogin da yatsa. Idan aka ji ƙugi mai ƙarfi daga lasifika, amfilifaya da kebul suna aiki, matsalar tana cikin jita. Kebul ɗin da ake zargi kuma mita ce take faɗin gaskiyarsa. Filogin jita, mai kaurin milimita 6.35, yana da sashe biyu, kai da jiki. Daga kan wannan filogi zuwa kan wancan ya kamata mita ta nuna kusan sifili, haka ma daga jiki zuwa jiki, amma tsakanin kai da jiki bai kamata ta nuna wani haɗi ba sam. A riƙa lanƙwasa kebul ɗin kusa da filogi yayin awon, domin a nan waya ta fi tsinkewa, kuma tana iya haɗuwa ta rabu gwargwadon yadda aka riƙe ta. Idan nan ne ciwon, a yanke kamar tsawon yatsa daga kebul ɗin a sake haɗa filogin, ba sai an sayi sabo ba.

A cikin jitar kanta, soket ne ya fi yawan kawo matsala, kuma yawanci mai jitar ne yake ƙarasa lalata shi ba da saninsa ba. Notin da ke riƙe da shi yakan saki saboda yawan sakawa da zare kebul, sai mutum ya sa filaya ya ɗaure shi daga waje, alhali soket ɗin yana juyawa a ciki yana murɗe wayoyi biyun da ke jikinsa har ɗaya ta tsinke. Yadda ya dace a yi shi ne a kwance sukurorin farantin da soket yake kai, a fito da shi, a riƙe shi da hannu ɗaya, sannan a ɗaure notin da ɗayan. Tunda an riga an fito da shi, a duba ɗan ƙarfen da ke kama kan filogi. Idan filogi yana shiga babu wani "ƙwas" kuma yana girgiza, a ɗan danna ƙarfen zuwa ciki kaɗan, a hankali, domin idan aka matsa masa da yawa karyewa yake yi. Idan waya ta tsinke, a lura da kyau kafin a haɗa: wayar da ke ɗauke da sauti tana zuwa kunnen da ke haɗe da ƙarfen da ke taɓa kan filogi, ɗayar kuma, wadda ake kira wayar ƙasa, wato wadda take haɗuwa da jikin filogi da sauran ƙarafan jita, tana zuwa kunnen da ke haɗe da zoben tsakiya. Mita za ta nuna wane kunne ne na wane idan ido ya kasa.

Taɓa tsirkiya da hannu ma gwaji ne mai faɗin abubuwa da yawa. Idan ƙugi yana raguwa da zarar an ɗora hannu a kan tsirkiyoyi, to wayar ƙasa da ta tashi daga jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa kansa a jikin jita, tana nan lafiya, kuma abin da ya rage shi ne a shimfiɗa takardar jan ƙarfe a cikin ramin da wayoyi suke a haɗa ta da wayar ƙasa idan ana son ƙarin shiru. Idan taɓawar ba ta canza komai ba, akwai alamar wannan waya ta tsinke, sai a auna daga jaki zuwa notin soket a gani ko akwai haɗi. Idan kuwa ƙugin ƙaruwa yake yi sa'ad da aka taɓa, to kusan ko yaushe wani ne ya juya wayoyin soket, ya sa ta sauti a gurbin ta ƙasa.

Bolum mai ƙaras-ƙaras idan ana murɗa shi ƙura ce ko datti ya shige shi, abin da ba ya da wuya a ƙasar da hunturu yake kwashe watanni yana kaɗawa. A buɗe bayansa, a nemi 'yar ƙofar da ke kusa da kunnuwansa uku, a fesa ruwan wanke mahaɗai kaɗan, sannan a murɗa shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa. Kada a zuba masa baƙin mai ko man girki ko man feshin da ake kwance noti mai tsatsa da shi, domin duk suna barin maiƙo, maiƙo kuma ƙura yake tarawa. Idan wanki bai yi magani ba sai canji, kuma a nan a duba lambar da ke rubuce a bayansa. Fikof mai naɗi ɗaya yawanci bolum mai om 250,000 ake sa masa, mai naɗi biyu kuma mai om 500,000, kuma duk da cewa jita za ta yi kuka idan aka musanya su, muryarta za ta canza, ko ta dushe ko ta yi tsini. Shi kansa fikof ba kasafai yake mutuwa ba. Don a tabbatar, a buɗe bolum har ƙarshe, a zaɓi fikof ɗaya, a auna tsakanin kai da jikin filogin kebul. Mai naɗi ɗaya yakan nuna kusan om 6,000, mai naɗi biyu kuma daga kusan 7,500 zuwa sama.

Haɗa waya da dalma ba aiki ne mai wuya ba, sai dai akwai kuskure ɗaya da kusan kowane sabon shiga yake yi, wato ya narka dalma a bakin ƙarfe ya ɗiga ta a kan waya mai sanyi. Irin wannan haɗi yakan yi kama da ya kama, amma bayan 'yan makonni sai ya fara yanke sauti. A fara shafa wa bakin waya dalma, a shafa wa kunnen da za a haɗa ta da shi, sannan a ɗora ƙarfen mai zafi a kan su biyun tare na 'yan daƙiƙu har dalmar ta malala da kanta, a janye ƙarfen, kada a motsa wayar sai ta huce. Haɗi mai kyau yakan fito sumul. Kafin a cire kowace waya a ɗauki hoton yadda suke da wayar hannu, kuma a rufe fentin jita da tsumma, saboda ɗigon dalma ɗaya yana barin tabon da ba ya gogewa.

Fedoji kuwa akwai jerin da aka saba bi wajen haɗa su, ko da yake ba doka ba ce. Na'urar saita tsirkiya ce take fara karɓar jita, sai wah-wah mai sa sauti ya yi kamar ana cewa "wa-wa" da kwamfuresa mai daidaita ƙarfin sauti, sai masu kausasa sauti irin su Tube Screamer na kamfanin Ibanez ko DS-1 na kamfanin Boss da ya fito a 1978, sai masu kaɗa sauti irin su koras, sannan a ƙarshe masu amsa-kuwwa da masu amon ɗaki. Dalilin sa amsa-kuwwa a baya shi ne a maimaita sautin da aka riga aka kausasa. Idan aka juya su, fedar kaushi za ta murƙushe maimaicin duka su cakuɗe, kuma a kiɗa mai saurin yatsu irin na Buzayen Agadas, inda ake son kowace tsirkiya ta fito a fili, wannan cakuɗewa tana ɓata komai. Tsofaffin fedojin faz, wato masu kaushi mai tsanani, irin Fuzz Face na 1966 sun fi son su zama na farko, kai tsaye daga jita, kuma waɗanda aka ƙera da tiransistan jamaniyam muryarsu tana canzawa idan suka yi zafi, don haka ba a barinsu a rana a bazara.

Inda fedoji suka fi ƙonewa shi ne wajen wuta, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa. Mafi yawansu bolt 9 suke ci, wuta mai tafiya fuska ɗaya irin ta batir, ta filogi mai ramin milimita 2.1, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tsakiyar filogin ce take ɗauke da alamar ragi, wajensa kuma alamar tarawa. Yawancin adaftocin da ke yawo a gida, na rediyo ko na na'urar intanet, akasin haka suke, ga shi kuma da yawansu bolt 12 suke bayarwa, kuma bakinsu yana shiga feda daidai kamar don ita aka yi shi. Shigar baki ba hujja ba ce. A karanta ɗan zanen da ke jikin adafta a kwatanta shi da wanda ke jikin feda, a tabbatar da bolt, a tabbatar ba adafta ce mai fitar da wuta mai kai-komo ba, in kuma rubutun ya goge a auna da mita. Abu na uku shi ne yawan wutar da feda take ja, wanda ake rubutawa da miliamfa. Fedar kaushi ta gargajiya sau da yawa ba ta kai miliamfa 20 ba, amma ta amsa-kuwwa mai aiki da kwamfuta a ciki tana iya cin 100 ko 300. Adaftar da miliamfanta ya fi abin da ake buƙata ba ta cutar da feda, domin feda abin da take buƙata kawai take ja. Wadda ta gaza ce take sa feda ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa ko ta yi ta huci. Idan ana ciyar da fedoji da yawa daga adafta ɗaya a tara abin da kowacce take ci a tabbatar bai wuce ƙarfinta ba, kuma idan wani siririn fito ya bayyana, a ware wa fedar kwamfutar adaftarta ita kaɗai. Mai amfani da batir kuma ya sani cewa a yawancin fedoji saka kebul a ƙofar shiga shi ne yake kunna batir, ko da fitilar feda a kashe take, saboda haka a zare shi bayan an gama kiɗa, kuma a cire batir ɗin gaba ɗaya idan za a daɗe ba a yi amfani da ita ba, don kada ya zubar da ruwansa ya cinye mahaɗai.

Amfilifaya ita ce iyakar abin da nake ba da shawarar a taɓa a gida. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, a Nijar 220, ta Amurka kuwa 120, don haka duk amfilifaya ta hannu da aka sayo, ko daga kasuwar Alaba ta Legas ko daga wani ɗan'uwa da ya aiko da ita, a karanta bayanta kafin a soka ta a bango. In an rubuta 120 kaɗai sai an haɗa ta da taransifoma mai rage wuta. A wurin biki inda janareta yake ba da wuta, a bari injin ya daidaita tukuna, a bi da wutar ta sitabilaiza, a kunna amfilifaya a ƙarshe, a kuma kashe ta kafin a kashe inji. Kada a taɓa karya ƙafar ƙasa ta filogin amfilifaya don a kashe ƙugi, domin tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, kuma idan wuta ta zubo a ciki babu hanyar ƙasa, jikin makaɗi za ta bi. Duk wanda ya ji makirufo yana ɗan jan leɓensa yayin da hannunsa yake kan tsirkiya ya tsaya nan take a binciki wayoyin wurin. Fis ɗin da ya ƙone a maye shi da mai lamba irin tasa, ba da guntuwar waya ba, in kuma sabon ya sake ƙonewa to akwai ciwo a ciki. Amfilifaya mai kwalabe, wato mai bututun gilashi a ciki irin na tsohon rediyo, tana da kafasitoci, wato kayan da suke tara wuta, masu riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare ta daga wuta, kuma kunna ta babu lasifika a haɗe yana iya ƙona taransifomarta. Buɗe ta aikin ƙwararre ne.

Sauran aikin na katako ne da tsirkiya. Katako ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a hunturu danshin arewacin Najeriya da Nijar yakan faɗi ƙasa da kashi 20, da damina kuma ya haura sosai, don haka wuyan jita yana motsi tsakanin lokutan biyu, kuma yana da kyau a duba shi a farkon kowanne. Bakin firet, wato ƙarafan da aka gitta a wuya, yakan fito yana karce hannu idan katako ya tsuke saboda bushewa. Ajiye jita a cikin akwatinta a rufe, nesa da rana da kwanon rufi, yana rage wannan. Don auna lanƙwasar wuya, a saita jita, a danne tsirkiya mafi kauri a firet na 1 da kuma na ƙarshe a lokaci ɗaya, a dubi ratar da ke tsakaninta da firet na 8. Ya kamata ta kai kimanin milimita 0.25, wato kaurin ɗan kati mara kauri. Idan ratar ta yi yawa a juya notin sandar ƙarfen da ke cikin wuya yadda hannun agogo yake tafiya, idan babu rata sam a juya shi baya, kuma kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya. A sake saiti, a ba katakon lokaci, a sake awo. Idan notin ya ƙi juyawa kada a tilasta shi, saboda karyewar wannan sanda tana iya cin kuɗin sabon wuya.

Bayan wuya ya daidaita ne ake gyara tsayin tsirkiya a jaki, inda yawancin makaɗa suke gamsuwa da ratar kusan milimita 1.6 ga siririya da milimita 2 ga mai kauri a firet na 12. Sabbin tsirkiyoyi ake so a wannan mataki, masu kauri ɗaya da waɗanda aka cire, domin tashi daga sirara zuwa masu kauri, kamar daga jerin 9-42 zuwa 10-46, yana ƙara jan wuya har sai an sake awon daga farko. Abu na ƙarshe shi ne daidaita tsawon kowace tsirkiya don kada jita ta yi daidai a sama ta saɓa a ƙasan wuya. A saita tsirkiya a sake, sannan a danne ta a firet na 12 a dubi na'urar saiti. Idan muryar ta haura, a ja ɗan ƙarfen da tsirkiyar take kai a jaki zuwa baya, nesa da wuya. Idan ta gaza, a matso da shi gaba. Bayan kowane juyi na sukuru sai an sake saita tsirkiyar kafin a sake gwadawa, kuma a yi gwajin jita tana riƙe a jiki yadda ake kaɗa ta, ba tana kwance a kan tebur ba, domin nauyin wuyanta yana canza awon.